Fim ɗin da Sa'idu ya daina fassarawa a tsakiya

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Sa'idu, mai gidan kallo a unguwar Yalwa, nan Garuwa. Sana'arsa ita ce ya zauna gefen talabijin da makirfo, yana juya maganar 'yan wasa daga Faransanci zuwa Hausa da Fillanci, har da ƙarin barkwancinsa. Ni da ke aikin rediyo nakan ce masa yana ƙara gishiri. Shi kuma ya ce, "Mai rediyo, ku ai ragewa kuke yi, a biya ku."

Fim ɗaya ne na ga ya fi ƙarfin bakinsa. Labarin wani shagon aski ne a wata ƙasa, inda duk hirar da aka yi sai ta isa ofishin tsaro. Gwanintar fim ɗin tana cikin abin da ya ƙi nunawa. Babu duka, babu kurkuku. Kyamara tana kafe a jikin madubi, kana kallon mutane suna rage magana. Suka bar zancen siyasa, suka bar zancen tsadar kaya, daga baya ko ƙwallo sai an duba ƙofa. Aibinsa ɗaya a wurina: a ƙarshe mai kai rahoton ya tuba yana kuka. Sa'idu ya ce wannan don a samu barci ne aka saka shi.

Ranar da ya nuna shi, bayan magariba, akwai 'yan moto da leburorin kamfanin auduga da mu maƙwabta. Da wanzamin ya juyo ya tambayi abokan hirarsa wane ne a cikinsu, Sa'idu ya ajiye makirfo. Bai fassara ba, ba a kuma nemi ya fassara ba. Kowa ya kalli na kusa da shi.

A makon aka kira shi wani ofishi. Ba su tambaye shi abin da ya faɗa ba. Sun tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shiru a daidai wurin. Daga nan finafinan faɗa kawai yake sakawa, barkwancin ma ya ragu, har ciwo ya ɗauke shi.

Ina tunanin me zai ce yau, da kowa ke ɗauke da waya a aljihu, ana tura hirar majalisa kafin shayi ya huce. Wataƙila ya ce wanzamin ya ji daɗi, tunda shi fuskoki biyar kawai yake zargi.

Abin da ya rage mini na Sa'idu shi ne wannan shirun, kuma na daɗe ina jinkirin rubuta shi. Mutum biyu na gaya wa zan yi, duka sun halarci kallon. Jiya a bakin gadar Binuwai wani da ban sani ba ya tsayar da moto, ya kira sunana, ya ce, "Malam, yaya rubutun Sa'idu? An gama?"