Warin Kulorofom a Watan Laulayi

Shekarar da na samu cikin fari, ina aiki a wani ɗakin gwaji a Jos, inda masu haɗa man gashi suke kawo mana kayansu. Aikina shi ne in auna yawan sinadarin da ke sa gashi laushi, wanda in ya yi yawa yake ƙona fatar kai. Sai in zuba man a kwalba, in ƙara ruwa da rini da wani ruwa mai ƙarfi da ake kira kulorofom, in girgiza. Kulorofom ya kwanta a ƙasa, ruwa ya hau sama, ni kuwa ina ɗiga magani ina jiran launi ya sauya.

Ban faɗa wa kowa ina da ciki ba. A gidanmu na Dutse Uku ba a faɗin irin wannan da wuri.

Wata safiya ina cikin girgiza kwalbar aka ɗauke wuta. Fankar da ke zuƙe tururi ta tsaya, ban lura ba. Na sassauta murfi kamar kullum, sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika min hanci, jiri ya ɗebe ni. Nan na tuna gargaɗin da ake yi wa masu ciki game da kulorofom. Na dafe marata, na ja ƙafa da ƙyar.

Ogarmu, wata dattijuwa 'yar asalin Filato, ta iske ni tsugune a bakin ƙofa. Ta dubi fuskata, ta dubi inda hannuna yake.

"Wata nawa ne, 'yata?"

"Biyu, Mama."

Ta buɗe tagogi, ta sa ni a motarta sai asibiti, tana yi min faɗa a hankali duk hanya. Likita ya tambayi tun yaushe nake taɓa wannan ruwa. Da na faɗa masa, ya ce ba lallai ya yi illa ba, amma ba zai yi min alkawari ba.

Oga ta raba ni da aikin kulorofom, amma tsoro bai rabu da ni ba. Da cikin ya tsufa, duk lokacin da ya yi shiru sai in sha ruwan sanyi, in kwanta ina addu'a har in ji motsi. Mijina ya yi ta lallashina, ba na ma jin abin da yake faɗa.

Mace na haifa. Ungozoma ta miƙo min ita, na kasa karɓa don tsoro, sai da ta rantse min cewa lafiyarta ƙalau.