Liyarin Inna Tabawa

A Tama, in ka tara mutum goma 'yan ƙasa da shekara arba'in, bakwai Inna Tabawa ce ta yanke musu cibi. Har da ni. Ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta yi aure sau biyu, ta noma albasarta a fadama, sauran rayuwarta ta ƙare a ɗakunan masu naƙuda.

Kayan aikinta reza, zare, da liyari, wani tsohon kuɗin azurfa da ta gada wurin kakarta. A jikinsa akwai hoton mace da lulluɓi. Inna ta ce Nana Maryama ce, uwar Annabi Isa, wadda ta haihu ita kaɗai a gindin dabino. In naƙuda ta yi tsanani sai ta danƙa wa mace shi a hannu.

Bara ɗan ƙanenta Idris ya dawo daga karatu da sabon gemu, ya ce sam, gunkin Nasara ne, a kai wa maƙeri ya narke shi. Kai, Idris! Shi ma fa uwarsa da liyarin nan a hannu ta haife shi. Inna ta ce ba ta bayarwa, ya ce to zai hana matan gari kiranta. Wannan ya tsorata ta, domin ba ta da wani abu a duniya sai kiran nan.

Aka tafi wurin Mushe Halidu, malamin lakwal, wato makarantar boko. Ya karanta rubutun gefen liyarin, ya duba salularsa, ya ce su biyun duk sun yi kuskure. Ba Maryama ba ce, ba kuma gunki ba, wata sarauniyar Turawa ce, mai 'ya'ya goma sha shida.

Inna ta daɗe tana kallon fuskar. Wallahi ta ba ni tausayi, shekara arba'in tana faɗin abin da ba shi ba.

"Sha shidda, Mushe? Ita da kanta?"

"Ita da kanta, Inna."

Ta ƙulle shi a bakin zane.

Watan jiya naƙudata ta zo, aka kai ni gidan likita. Ina tsakiyar kiran sunan Allah sai na ji sanyin ƙarfe a tafin hannuna.

"Riƙe, ɗiyata," in ji Inna. "Ba Nana Maryama ba ce. Amma ta san abin nan, ta fi ni saninsa."