Mijin Inna Ya Dawo

Ummu Hani ƙawata ce tun muna firamare a Argungu. Gidansu na bayan namu, kuma mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, bandar kifi take yi. Littattafan Ummu Hani ma ƙamshin hayaƙi suke, har yara kan tsokane ta a aji. Ni na tsaya a sakandare, na yi aure a Gwadangaji, na kama ɗinki. Ita kuwa ta yi ta karatu a kan cututtukan shinkafa, har wata jami'a a Malesiya ta ɗauke ta koyarwa. Mijinta Malam Ja'afar aikin gwamnati yake a Birnin Kebbi, ba ya samun zuwa sai ya ɗauki hutu. Haka ta tafi da ɗanta Musaddiq yana tatata, da ƙanwarsa Nana Aisha a goye.

Ba ta sha da daɗi ba a can. Da safe ta kai Musaddiq makaranta, ta ajiye ƙaramar wurin masu reno, ta ruga aji. Ranar da Nana ke zazzaɓi sai ta goya ta da zane ta shiga aji a haka. Ta ce min ɗalibanta sun fi tambayar yadda ake ɗaura goyo a kan tambayar karatu, har wata ta kawo zanen gado a koya mata. In ta kira ni takan ce, "Baiwa, juya waya in ga tsakar gida." Sai in nuna mata kaji da turmi da igiyar shanya, ta yi ta kallo.

Wata Juma'a na je Argungu gaida Inna, Ummu Hani ta kira ta bidiyo. Lokacin Musaddiq ya fara wayo, bakinsa duk Turanci. Inna ta matso da fuska kusa da waya ta ce, "Mijina! Ina kihin da kac ce za ka kawo man? Ka bar ni da yunwa."

A wurinmu haka kaka take yi da jikanta namiji. Ta kira shi mijinta, shi kuma ya rama, ya ce ta tsufa, ya ce zai sake ta ya auro yarinya. Da wannan wasan suke sabawa. Amma ba wanda ya taɓa gaya wa Musaddiq. Da uwarsa ta fassara masa, sai ya fashe da kuka, ya ɓoye a bayanta yana cewa shi ba ya so, kada a aura masa tsohuwa. Matan gidan suka yi ta dariya. Inna ba ta yi ba. Ta miƙo min wayar ta ce, "Wanga yaro ba ya sanina. An kai shi nesa." Daga ranar in an kira, sai ta gaisa da ɗiyarta ta ce a gaida yara, ta tashi.

Abin ya tsaya wa Ummu Hani a rai. Ta ce min, "Ina koya ma ɗiyan mutane abin da za su ci da shi, nawa ɗan ba ya iya amsa ma kakarshi. Baiwa, ke za ki zama Inna."

"Ni? Da haƙorana duka?"

"Sai ki ɓoye su."

Haka na koma tsohuwa. Ina kan keken ɗinki sai in danna waya in naɗa mata saƙo, in karya murya in ce, "Mijina, ka manta da ni ko?" Ita kuma ta zaunar da shi a ofishinta kafin ta shiga aji, ta kunna masa, ta koya masa abin da zai ce. Da farko amsar takan zo a miƙe kamar mai karanta allo. Daga baya ya gane ashe izini aka ba shi ya tsokani babba ba a duke shi ba, sai abin ya yi masa daɗi. Ranar da ya ce min, "Ke tsohuwa, na sake ki!" ina jin uwarsa a bayansa tana dariya har tana tari. Ta hana ni gaya wa Inna. So take idan sun zo dogon hutu ya faɗa mata baki da baki, ta ga fuskarta.

Tarin nan ne bai sake ta ba. Ta ce sanyin na'urar sanyaya aji ne. Ta ci gaba da koyarwa har ta gama duba jarrabawar ɗalibanta, sannan ta yarda ta kwanta asibiti. Malam Ja'afar ya isa ya same ta da rai, amma ba su daɗe ba. A can aka yi mata sutura. Ɗalibanta mata ne suka riƙe yaran har aka gama. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta daina magana kawai, ta daina hura wutar banda, abinci sai an matsa. Ranar da Malam Ja'afar ya kawo yaran Argungu ina wurin. Tana zaune a tabarma ƙofar ɗakinta, an ce mata ga su nan, ba ta ɗaga kai ba. Na ce a raina, idan yaron nan ya sake gudu, shi ke nan, Inna ta rasa ɗiya ta rasa jika.

Musaddiq ya tsaya yana kallonta. Ya dube ni, domin muryata ya sani. Na nuna masa ita da baki. Ya sauke jakar bayansa ya ciro wata leda, ƙananan busassun kifi ne irin na can, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Uwarsa ce ta saya tun kafin ta kwanta, ta ce ya riƙe da kansa.

Ya matsa ya ce, "Ke tsohuwa, mijinki ya dawo, ba ki tashi ki amshi kaya?"

Hausar tasa a karkace take, amma kowa ya ji.

"Ga kihinki. Ƙanana na zaɓo miki, tunda ba ki da haƙora."

Inna ta ɗaga kai a hankali. Ta karɓi ledar, ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta juya su da yatsa.

"Wanga shi na kihi?" in ji ta. "Ka ƙetare ruwa duka, wanga kak kamo? A Argungu ko kyanwa ba ta tsayawa mai. Rago dai."

"To ba ni abina, in kai ma wata."

"Wa za ta ɗauke ka in ba ni ba?"

Ta jawo shi jikinta, a nan kukan ya zo mata, mu ma muka yi. Da ta natsu ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a miƙo mata Nana Aisha, kuma a ɗora tukunya a zuba kifin a miya, tunda dai mijinta ya wahala ya kawo. Ranar ta ci tuwo, shi yana gefenta yana leƙa bakinta wai yana neman haƙori.

Ummu Hani, ke kika so ki ga fuskarta. Ni na gani a madadinki.