Zumar Malam Gado

Ban taɓa mantawa da ranar da na sha shayin matuƙan jirgi a bakin ruwan Warra ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin ƙauye, inda duk mai farar riga likita ne.

Malam Gado shi ne babba cikin matuƙan jiragen fito. Yana da ciwon suga, ga gyambo a babban yatsan ƙafa. Ƙa'idar aikin ita ce a gwada jini kafin karin kumallo, a wanke ciwon, a ba da magani, sannan a yi wa'azi. Na yi masa nawa cikakke: ba sukari, ba mazarƙwaila, ba dabino, ba zuma. Ya ce, "To, likita." Wannan "to" ta cika maƙabartu.

Sugan jininsa bai sauka ba, yatsa kuma ya fara baƙi. Sai na bi shi bakin ruwa.

Al'adarsu, ba mai tura jirgi sai an sha shayi daga buta ɗaya, kuma babba ke fara kurɓa. Ɗanjuma mai shayi na da iri-iri: baƙin ganye, na citta da kanumfari, da koren nan mai ɗaci da ake sa wa na'ana'a. Ya miƙo mini na butar matuƙan, wanda Malam Gado ke sha. Da na kurɓa, sai da leɓɓana suka manne.

"Me ka sa a nan?"

"Zumar Shanga, likita. Tun da kunka hana Baba sukari munka haɗa kai, kowa na kawowa. Wagga ta Allah ce, ba ta kamfani ba."

Na ja tsohon gefe. "Baba, ban ce har da zuma ba?"

"Ka ce, ɗana. Kunnena lafiya lau, ƙafa ce ba lafiya." Ya dubi fasinjojin da ke jiran fito. "Matuƙin da ya ture kofi, an san jikinai ya gaza. Wa za ya ɗora ɗiyanai cikin jirgin majinyaci? In na ƙi sha yau, gobe mi za mu ci?"

Littafin da na karanta bai da babi a kan wannan. Na yi wa Ɗanjuma bayani, ya ce "to" shi ma.

Kafin damina ta ƙare muka tura Malam Gado babban asibiti a Yelwa, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Mai ƙafa ɗaya ba ya tsayuwa a jirgi. Da matuƙan suka zo dubiya, sun sha kuka, sun kuma ajiye masa kwalbar zuma a ƙarƙashin gado.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, za a koya muku tambayar majinyaci me yake sha. Ku ƙara da tambayar da wa yake sha, ku je ku same su tun yatsa bai yi baƙi ba. A aikin nan ban cika ganin wanda maƙiyi ya kwantar ba. Yawanci masoya ne, da hannu bibbiyu.