Muryar Iya da Yatsan Baba

Ni na saya wa Baba wayar a kasuwar Malumfashi, shekarar da ɗinki ya karɓe ni. Mai shagon ya buɗe masa imel, ya saita ta yadda duk abin da ya ɗauka zai hau intanet ya zauna a ajiye, sannan ya ce ya zaɓi lambar sirri. Baba ya ce shi manomi ne, kansa ya cika da zancen taki da iri, babu wurin lamba. Sai aka kulle wayar da babban yatsansa na dama, wanda fartanya ta cinye wa zane har sai da aka yi ta gwadawa kafin wayar ta gane shi.

Na zaci wa'azi zai riƙa ji da ita. Ashe Iya zai riƙa ɗauka.

Iya ce ta haifi Baba. Bamagujiya ce, tana wani ƙauye bayan Kafur, kuma a kan addinin iyayenta ta rayu har ta koma. Baba ya musulunta tun yana saurayi, amma bai taɓa ɗauke mata ƙafa ba. Duk ranar kasuwa sai ya hau babur ya je, ya jingina wayar a jikin turmi, ya ce, "Iya, yi mana ta niƙa." Ta zage shi, ta yi dariya, ta yi. Waƙoƙin niƙa da na daka, sunayen kakanninmu, yadda suka sare dajin suka kafa gida, duk ya ɗauka. Bayan rasuwarta, idan kewa ta taso masa, sai ya zauna gindin ɗorawa ya kunna.

Na taɓa ce masa, "Baba, mu je a saka lambata a wannan imel ɗin, ko don wata rana." Ya dube ni ya ce, "Au, har kin gaji da ni?" Kunya ta rufe ni, na bar zancen. A wajenmu, wanda ya yi wa babba maganar bayan ransa kamar ya ɗauko masa likkafani ne.

Sai Baffa, ƙanin Baba, autan Iya. Shi Funtua ya nufa tun da ƙuruciya, ya shiga saye da sayar da auduga da masara, Allah ya buɗa masa, ya je Makka ya dawo da haƙori. Ban ƙi shi don arzikinsa ba, wallahi. Abin da na riƙe shi ne, a Funtua cewa yake yi uwarsa ta rasu tun yana yaro, alhali tana nan da ranta tana tsince masa daddawa. Duk wanda ya je daga wajenmu, tambayarta ɗaya ce: "Autan nan ya ci abinci kuwa?" Ko jana'izarta bai je ba, wai tafiya ta kama shi.

Ana tsakar girbin masara Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi, sai ido. Muka kai shi asibiti a Funtua. Baffa ya zo da hantsi cikin farar babbar riga, ƙamshin turarensa ya danne warin magani. Ya ce in je in samo wa Baba ruwan zafi. Da na dawo na tarar ya riƙe hannun Baba na dama, wanda ya mutu, ya sunkuya a kansa. Har na tsaya a ƙofa don kada in katse masa addu'a. Kai, ni ma dai sakarai ce! Yatsan yake dannawa a kan waya. Baba yana kallonsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, ya kasa ko janye hannun.

"Zan riƙe ta don sanar da 'yan uwa," in ji Baffa, ya zura ta a aljihu.

Baba bai tashi ba. Da aka zo rabon gado, aka ajiye wayar a tabarma tare da babur da buhunan masara, aka yi mata kuɗi kamar tsohuwar rediyo. Na ce a ba ni a cikin rabona. Na kunna, fayau, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Na garzaya wurin mai shagon nan. Ya duba ya duba, ya ce an goge na cikin wayar, an goge na intanet, an rufe imel ɗin ɗungurungum, layin ma an cire. Ya ce da a ce akwai lambar wani a kai, da an ji tun da wuri, da wataƙila an ceto.

Ban je gida ba, na hau mota sai gidan Baffa. Ban ko gaishe shi ba.

"Baffa, ina Iya?"

Ya gane. Bai ma yi musu ba. Ya ce, "Asirin ubanki na rufa, 'yar nan. So kike surukaina da abokan cinikina su ga tsohuwa da ɗaurin ƙirji tana waƙoƙin jahiliyya, a ce ita ta haife ni? Ki gode mini."

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Matarsa ta yi salati, ta ce uba ne fa. Na ce ubana yana ƙasa, kuma ya tafi yana kuka.

Abin da Baffa bai sani ba, akwai wani saƙon murya da Baba ya taɓa aiko mini daga ƙauyen, kan in turo buhunan zuba gyaɗa. A bayan maganarsa ana jin Iya tana ɓarar gyaɗa tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, sai ta katse ta ce, "Kai, autan nan ya ci abinci kuwa? Ka ce masa daddawarsa na nan." Shi ke nan abin da ya rage na Iya a duniya. Ranar da na yi karo da shi, na rufe shago na yi kuka har na gode Allah.

Daga nan na daina jin kunyar zancen mutuwa. Na koma wurin mai shagon, ya saka lambar babbar 'yata a imel ɗina, ya rubuta ta a matsayin wadda za a buɗe wa in na mutu ko na kwanta. Na koya mata lambar sirrina, na cire kullin yatsa, don na ga abin da ake yi da yatsan mara lafiya. Na zaunar da maigidana da ita na yi wasiyya baki da baki: saƙon Iya na 'ya'yan Baffa ne su ma, kakarsu ce, a ba su. Amma sai an dawo daga binne Baffa. Sannan na tabbatar zancen ya kai kunnen matarsa a wajen wani suna, don so nake ya san akwai.

Bara ciwon suga ya cinye wa Baffa ido. Kasuwa ta koma hannun 'ya'yansa, abokan cinikin da yake jin kunya suka daina leƙowa. Matarsa ta ce yakan zauna shi kaɗai yana ƙoƙarin tuno wata waƙar niƙa, ya kama farkonta ta kuɓuce masa. Da kaka ya aiko a kira ni. Na yi wanka, na ci ado, na je.

Na same shi a kan darduma, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"An ce kina da muryar uwata," ya ce.

"Wace uwar, Baffa? Ai duk Funtua an san tun kana yaro ka zama maraya."

Can ya ce, "Sau ɗaya kawai. Don Allah, 'yar nan." Ya miƙo hannu yana lalube a iska. Wayata tana cikin jakata, a kan cinyata. Na dubi hannun nan, na tuna wanda ya riƙe a asibiti, na ƙara matse jakar. Na san abin da malamai suka ce game da yafiya, na kuma san zan tsaya gaban Allah. Ban kai wurin ba tukuna.

Na miƙe. Da na kai bakin ƙofa sai na juya wajen matarsa, na sassauta murya, na ja ta yadda Iya ke ja, na ce, "Autan nan ya ci abinci kuwa?"

Baffa ya zabura har carbinsa ya faɗi. "Sake faɗa," ya ce. "Don girman Allah, sake faɗa!"

Na saka takalmina na fita neman motar Malumfashi.