Malama Mai Laima, Wadda Ba Ta Shiga Ta Ƙofa

An daɗe ana faɗa mini wai akwai wata mai duba makarantu a gundumarmu da ba ta shiga makaranta ta ƙofa, sai ta ɓular katanga. Na ce ƙarya ne. Mace mai shekaru, mai jiki, ga jaka ga laima, ta sunkuya ta bi ramin da yara ke sulalewa? Na ce masu faɗa su nemi aikin yi. To, ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, aka aiko mini cewa matar nan ta rasu bayan gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Mai Laima, yau ni da na ƙaryata labarinki ni ne nake ba da shi, ina share hawaye, dariya kuma tana ƙwace mini.

Ga yadda muka haɗu. Shekarar da jikata ta gama firamare aka tura ta sakandaren bayan kasuwa. Kin san yadda mu iyaye muke jera makarantun gwamnati da baki. Ta bakin titi ce ta ɗaya, mai sabon fenti da ƙofar ƙarfe da maigadi cikin kaki. Ta kusa da asibiti ta biyo. Ta bayan kasuwa kuwa in an ambace ta sai dai a ja tsaki. Ɗana, uban yarinyar, ya rantse in ba a mayar da ita ta bakin titi ba, gara ta zauna gida ta taya uwarta ɗinki. Yarinya ta daina cin abinci. Sai na sa rigata ta fita kunya, na nufi ofishinki neman alfarma.

Kika saurare ni tsaf, sannan kika ce, "Baba, ka taɓa shiga ko ɗaya daga cikinsu?"

Na ce, "A'a, amma ai kowa ya sani."

Kika ce, "Kowa ɗin nan ban taɓa ganinsa a aji ba. Tashi mu je."

Muka shiga tsohuwar motarki, wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Maimakon ƙofar makarantar bakin titi, sai kika zagaya baya. Jama'a, ga rami nan! Hanyar da ta nufe shi ta yi sumul, ko ciyawa ɗaya babu, bakin bulon har sheƙi yake don shafar hannaye. Wani mai sayar da ruwan sanyi ya kafa tebur a gefe, da rumfarsa. Muna tsaye, samari suka fito a jere cikin fararen riguna, da ladabinsu kuwa: "Sannu Baba, a ɗan ba mu hanya." Kika naɗe laima, kika sunkuya, kika shige. Ni da na rantse ba a yi ba, sai ga ni a rarrafe, ƙarfe ya kama rigata ya yage ta har ƙugu.

A ciki muka tarar da azuzuwa ba malamai, allo na ɗauke da darasin makon jiya. Shugaban makaranta ya taho da gudu yana haki: "Ranki ya daɗe, ai da kin sanar!" Kika ce, "Da na sanar, da fenti zan gani."

Daga nan sai bayan kasuwa. Can ba a ma zancen rami, rabin katangar ce ta zube, ko jaki da kaya zai wuce. Amma ciyawa ta kai gwiwa, ƙaya ta cika mini wando, babu sawun mutum ko ɗaya. Tagogi ba gilashi, yara a matse kan benci kamar an ɗaure su, wani malami alli ya yi masa fari har gwiwar hannu, aji ya kaure da gardama a kan wani lissafi. Muka tsaya a taga, ba wanda ya waiwayo. Kika raɗa mini, "Ka gani? Nan ba abin da ya tare su, kuma ba sa fita."

Ba ki ɓoye mini sauran ba. Kika nuna mini kwanon da ke yoyo da ɗakin kimiyyar da babu komai cikinsa sai kujeru. Kika ce waɗannan faɗanki ne da na sama, kuma kin yi faɗan har aka gyara. Washegari na tasa ɗana gaba, da yagaggiyar rigata a jikina don shaida, muka zagaya duka biyun. Da muka iso gida, ya leƙa ɗaki ya ce wa 'yar, "Tashi ki ci abinci, gobe akwai makaranta."

Abin da ya fi burge ni, ba ki taɓa tozarta kowa a bainar jama'a ba. Makarantar bakin titi kika yi ta komawa, ki zauna a bencin baya kamar ɗaliba, har malamai suka ji kunya suka koma aji. Ba ki sa an toshe ramin ba, kin ce toshewa yaudarar kai ce. Da kansa ya yi ciyawa. Mai ruwan sanyi ya kwashe teburinsa, har yau yana cewa kin kashe masa kasuwa, amma shi ma na gan shi a zaman makoki, idanu jawur.

Allah Ya jiƙanki, Malama. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya buɗe miki babbar ƙofa ki shiga a miƙe. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙannenki, da dukan malaman da kika hana sakat. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Yanzu kuma wani sabon zance ke yawo, wai ana saura kaɗan ki kwanta, da sandarki, da ritayarki da komai, an gan ki a bayan kasuwa kina duba ciyawa. Wani direba ya faɗa mini, wani tela ma ya faɗa. Wannan karon ban musa ba, don wadda ta faɗa mini a ƙarshe ita ta riƙe miki jaka kika tsallaka zubabbiyar katangar: malamar lissafin makarantar, jikar nan tawa.