Ranar da Jeran Ya Cire Mana Ƙofa

Wata safiyar Talata ce a tsakiyar babbar damina, shekarar da aka gama yaƙin Turawa, sojojinmu suka fara dawowa gida ta jirgin ruwa. Ina da shekara tara. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu na haya a Treichville, wata unguwa ta Abidjan, ina wanke tsummokaran jariri, sai ga Tanko ya shigo da wani kafinta a bayansa. Bai yi sallama ba. Ya nuna ɗakinmu da bakin laimarsa, kafinta ya ɗora guduma a kan ƙusoshin ƙofar. Inna tana ciki a kwance, kwana goma sha biyu da haihuwar ƙanena Idi. Ina kallo suka ɗaga ƙofar, suka fita da ita a ka kamar an ɗauko gawa, iskar tafki ta shige ɗakin ta ɗage labulen gado.  Inna ta jawo zane ta rufe kan jaririn, ta juya fuskarta bango.

Tanko shi ne wakilin maigida. Da faransanci ana ce wa irinsa jeran, shi ma ya fi son a kira shi haka. Maigidan kansa ba mu taɓa ganinsa ba. An ce akawu ne na jirgin ƙasa da aka tura can arewa, ya bar gidan a hannun Tanko. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne Tanko namu ne. Daga ƙasar Adar ya fito, kamar Baba. Ya taɓa yi wa wani Bature tafinta, ya samo wando da hular kwano da faransancin da ya ishe shi tsorata mutane. A tasha yake tare baƙi da Hausa mai daɗi, yana tambayar labarin gida da damina. Da zarar mutum ya ajiye kayansa a ɗaki, sai Hausar ta ƙare.

Ba takarda aka yi ba lokacin da Baba ya kama ɗakin. Magana ce a gaban dattawa biyu, aka raba goro. Namu shi ne mu biya haya a farkon wata, mu yi shara da wankin makewayi ranar da layi ya zo kanmu, mu kife duk abin da ke tara ruwa saboda masu duba-gari, kuma kada mu ɗaure dabba a tsakar gida. Nasa shi ne gyaran rufi, kwashe salga in ta cika, kada ya shiga ɗakin mutum ba izini, in kuma zai tashe mu ya ba mu wata guda. Inna takan ce, "Namu a kanmu yake kullum, nasa kuwa yana cikin aljihunsa." Rufin kwanonmu ya yi shekara biyu yana yoyo. Na san inda kowane ɗigo yake sauka, ni ce mai jera ƙoƙuna da tasoshi in hadari ya taso. Baba mahauci ne, kuma duk Juma'a Tanko yakan tsaya a teburinsa ya zaɓi tsoka mai kyau ya wuce, Baba ya bi shi da ido.

Gidan ɗaki goma sha ɗaya ne a jere, suna kallon rijiya ɗaya da bishiyar mangwaro ɗaya. Akwai Julawa masu goro, da wani tela ɗan Sanigal, da Ma Ajuwa, wata 'yar ƙabilar Baule mai yin acake, wato garin rogo da ake turarawa, wadda ɗakinta ke manne da namu. Da asuba warin rogon da ta jiƙa yake tashe mu. Mu yara ba mu da yare ɗaya, amma muna da carafke, muna da langa, muna da kamun ƙaguwa a bakin tafki da igiya da ɗan guntun hanji da nake satowa daga kwandon Baba. Da mun ji ƙarar takalmin Tanko a zaure, wasa ya mutu. Yakan ɗaga murfin tukunyar mutane da laima ya ga abin da suke ci, wai don ya san wanda zai iya ƙarin haya.

Ba zan ɓoye laifinmu ba. Baba ya ɗaure ragon suna a gindin mangwaro har kwana shida, ya kuwa san an hana. Ragon ya tsinke ya ci rogon Ma Ajuwa, ya ɓata bakin rijiya, masu duba-gari suka zo suka ci gidan tara. Baba ya biya tarar, ya biya rogon, ya bi ɗaki-ɗaki yana ba da haƙuri. Kowa ya ɗauka magana ta wuce. Abin da ba mu sani ba, wani soja da ya dawo da kuɗi ya riga ya yi wa Tanko alkawarin ninkin abin da muke biya in ya ba shi ɗakinmu.

Ranar da aka cire ƙofar, da azahar Baba ya dawo daga kasuwa ya tarar da tabarma a rataye inda ƙofa take.  Duk matan gidan suka zuba masa ido, don jakar wuƙaƙensa tana rataye a kafaɗarsa. Ya sauke ta, ya miƙa wa Ma Ajuwa, ya ce ta ajiye a ɗakinta kada ta ba shi sai gobe. Na bi shi a baya har rumfar mai shayi inda Tanko yake zama. Baba ya ce, "Malam Tanko, mai jego ce a ɗakin nan. Ka mayar da ƙofar, in ya so mu yi magana." Tanko ya amsa da faransanci, mutane suka yi dariya. Baba ya ce, "Da Hausa ka ba ni ɗakin, ka amsa mini da Hausa." Sai Tanko ya ce da Hausa, "Kai ka fara karya magana, Mai Nama. Wanda ya mai da gida turke, me zai yi da ƙofa?"

Baba ya kai ƙara wurin dattawan da suka shaida maganar farko. Suka taru bayan la'asar, suka ce rago laifi ne amma an biya shi, kuma ko tashin mutum za a yi, wata guda haƙƙinsa ne. Tanko ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda, mu zauna watan, ƙofa kuwa gara ce ta ci ta, tana wurin gyara. Kowa ya san ƙarya ce, amma dattawan nan biyu duk a gidajen da yake riƙe suke zaune. Baba ya je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, aka rubuta wa maigida. Amsar ta zo ta hannun Tanko. Ya tsaya a bakin rijiya ya karanta mana ita, wai maigida ya ce duk abin da wakilinsa ya yi daidai ne. Babu ko mutum ɗaya a ɗakinmu da zai iya karɓar takardar ya duba.

Kwana goma sha tara muka yi haka. Tela ya ba mu buhuna ya ɗinke su biyu-biyu, Ma Ajuwa ta jingina mana faifan katakon da take shanya rogo, amma ruwan Abidjan a karkace yake zuwa. Tabarmi suka yi funfuna. Idi ya fara tari, wani ƙaramin tari mai kama da kukan ɗan mage, Inna tana ɗumama tsumma a kan garwashi tana ɗora masa a ƙirji. Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa, Baba ya ce ya isa, ba za mu jira watan ya cika ba.

Abin da ya yi kafin mu fita ya fi komai ba ni haushi a lokacin. Ya sayo farar ƙasa ya shafe bangon ɗakin, ya toshe ramukan ƙusa, ya sa ni na share har lungun bayan gado. Ina kuka ina cewa don Tanko za mu yi wannan wahala? Ya ce, "Fari na same shi, fari zan bar shi. Ba zai sami abin faɗa a kaina sau biyu ba." Muka loda kaya a amalanke, muka haye gadar nan mai lilo a kan ruwa, muka ratsa unguwar Turawa ba mu tsaya ba, muka haura Adjamé da ƙafa, Inna tana goye da Idi, ni ina ɗauke da fitila da tukunya. A sabon ɗakin da muka kama a can, Baba ya ƙi ajiye ko tsintsiya sai da aka rubuta sharuɗɗan a takarda, aka sami wanda ba ruwansa ya karanta masa sau biyu. Da yayana Sani ya dawo daga wurin kakarmu, aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, a watan, duk da surutun dangi.

Idi ya rayu, amma ƙirjin bai taɓa sakinsa ba. Duk damina sai ya kwanta, har ya bar duniya bai cika arba'in ba. Tanko kuwa ya yi arziki, ya gina nasa gidajen a Belleville, ya je Makka. Ya zo gaisuwar rasuwar Baba da babbar riga, ya ce mini, "'Yata, sai haƙuri." Na dube shi, na tashi na shiga ciki. An yi mini faɗa, ban kuma yi nadama ba.

Yanzu jikokina suna haya a benaye, suna sa hannu a takardu masu shafi da yawa a ofishin dillalai, sun san kwana nawa doka ta ba su da inda za su kai kuka. Na yi murna da wannan, don na san abin da rashinsa yake yi. Sai dai in na kwana biyu a wurinsu, nakan zauna a baranda daga safe har yamma ban ji wanda ya kira sunan wani ba. Sun fi mu sanin haƙƙinsu, amma ba su san sunan maƙwabcinsu ba.